Shara a Ƙofar Kabarin Sarki

Ranar Asabar da sassafe, kafin ma'aikata su gama hawowa kwarin da jakunansu, tsoho Azab mai gadi ya tarar da igiyar ƙofar kabarin a yanke. Hatimin yumɓun da Bature mai aikin tonon ya buga a kanta yana ƙasa, ya rabe biyu. Azab bai taɓa komai ba. Ya nemi dutse ya zauna, ya ɗora hannu biyu a ka, ya shiga salati.

Wata uku ke nan da aka tono kabarin. Na wani sarki ne cikin mutanen farko, wanda ko Baturen da ya tono shi bai gama karanta sunansa ba. Mu mutanen ƙauyen Gurna a kan kaburburan nan aka haife mu, a cikinsu muke ɗaure awaki, amma ko kakanninmu ba su taɓa ganin wanda ya fito da kayansa cif kamar wannan ba. Gadaje, karusai, tuluna, ga zinariya har ta gunduri ido. Ƙofar ƙarfen da aka aika a kawo daga Alƙahira ba ta iso ba, sai ƙyauren katako da igiya da hatimi, sai kuma Azab da tsohuwar bindigarsa.

Bature ya shiga da fitila ya duba kayansa ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne babu. A ɗakin farko akwai wani ɗan akwatin gawa da bai fi kamu ɗaya ba, an dalaye shi da zinariya, a cikinsa kuwa jaririya ce, 'yar sarkin, naɗe da farin ƙyalle. Akwatin yana nan. An jingine murfinsa a bango a hankali. 'Yar fuskar zinariyar da aka rufa mata tana nan, har da katin lambar da Bature ya ɗora mata a ƙirji. Jaririyar ce kaɗai aka ɗauke.

Umda Radwan, dagacin ƙauyen, ya iso yana haki a kan jaki. Ya leƙa, ya fito, ya ce, "Yau ga ikon Allah. Wane irin ɓarawo ne zai tsallake zinariya ya ɗauki ƙashi?"

Bature bai zo jin tatsuniya ba. Fuskarsa ta yi jawur, ya ce da karyayyen Larabcinsa ya ba su zuwa la'asar ɗin gobe. In ba a kawo masa ɓarawo da abin da ya sata ba, mai gadi zai tsallaka kogi zuwa hannun 'yan sanda. Kowa a wurin ya san abin da ake yi wa tafin ƙafar mutum a can kafin a fara yi masa tambaya. Azab kuwa ya haura saba'in, ga tari.

Umda ya ce, "A kira mini Jahlan."

*

Jahlan shi ne mai bin sawun yankin. Uwarsa 'yar mutanen hamada ce, a wurin kawunnansa ya koyi karanta ƙasa. Shekara arba'in yana wannan aiki, daga satar raƙumi har kisan kai, bai taɓa kiran sunan da ba shi ba. Mutum ne mai tafiya kansa a sunkuye, har yara na cewa ya fi sanin ƙafafun mutane da fuskokinsu.

Ɗan aike ya same shi yana karin kumallo da gurasa da wake. 'Yarsa Zahiyya ta miƙo masa sandarsa. Ita kaɗai Allah ya bar masa. Mijinta ya rasu da zazzaɓi tana da ciki, ta dawo gidan uba, cikin kuma ya zo ba rai kwana arba'in da suka wuce. Tun ranar maganarta ta ƙare, sai aikin gida kawai take yi kamar an sa ta.

Da ya isa kwarin, ya kori kowa baya, ya tsuguna gaban Azab. Tare aka yi musu kaciya, tare suka tsufa.

"To, tsohon banza, ina ka tafi ka bar wa sarki gidansa a buɗe?"

Azab ya ce, "Wallahi ko fitsari a nan bayan dutsen nake yi. Dare biyu idona biyu."

"Ban tambaye ka dare ba. Jiya da rana fa?"

Azab ya sunkuyar da kai. "Juma'a ce, Jahlan. Ba aiki, ba kowa a kwarin ko tsuntsu. Na ce in sauka in samu jam'i in dawo. Da na dawo zaunawa na yi a inuwa daga can nesa, ban zo bakin ƙofar ba."

"Ai na sani. Kusa da ni ka tsaya a sahu, har ka take mini ɗan yatsa."

Dokar aikin ita ce, kullum in an tashi, mai gadi ya baza rairayi mai laushi a gaban ƙofar, ya ja shi da manjagara layi-layi a miƙe, yadda ko ɓera ya wuce za a gani da safe. Yau babu layin manjagara ko ɗaya. An share wurin tas.

Umda ya yi tsaki. "Shege, ya goge sawunsa."

Jahlan ya ce, "Na ƙafa ya goge, ranka ya daɗe. Na hannu yana nan."

Ya rarrafa a gefe yana duba. Da tsintsiyar ganyen dabino aka yi sharar. Kowane jan tsintsiya ya fito kamar jinjirin wata, ɗaya na hawa kan ɗaya, kuma da hannun hagu aka ja su, mai sharar yana ja da baya. A hagun ƙofa ya ga wani ɗan tsibi: tsakuwoyi, karan ciyawa, guntun igiya, an tara su wuri ɗaya tsaf. Ya tone shi da sanda, bai ga komai a ciki ba, ya wuce.

A ciki ma an share ƙurar. Wuri ɗaya tsintsiya ta tsallake, daidai gindin ɗan akwatin, inda gwiwoyi biyu suka lotsa ƙura. Wanda ya durƙusa a nan ya daɗe bai tashi ba. Jahlan ya kalli cikin akwatin, sai zuciyarsa ta yi nauyi. Ranar Laraba ya ga jaririyar da idonsa, lokacin da Bature ke nuna ta ga baƙi, har ya ba da labarinta a gida.

Bayan rairayin sai dutse zalla har ƙasan kwari. Dutse kuwa ba ya riƙe sawu.

*

Kafin azahar labari ya game gari. Mata a bakin rijiya suka ce aljanun sarkin ne suka zo suka ɗauki 'yarsu. Maza a wurin mai shayi ba su yarda da aljani mai tsintsiya ba, sai suka shiga lissafa wanda bai je masallaci ba. Aka samu biyu: Dawi, shugaban ma'aikatan tono, wanda baƙo ne daga Guft, da Fanus mai sassaƙar dutse, Kirista cikin Kibɗawa. Mutanenmu ba sa ɓata lokaci wajen zargin baƙo, ballantana a ce Fanus bahago ne.

Jahlan ya fara da Dawi. Ya same shi kwance a bukka, ƙafarsa ta kumbura suntum, an ɗaure ta da albasa da tsumma.

Dawi ya ce, "Kunama ce, Baba Jahlan, tun daren Alhamis. In ka ga na hau kwarin nan jiya, to goya ni aka yi. Ku mutanen Gurna, kakanninku sun kwashe rabin sarakunan duniya sun sayar, yau ƙashi ɗaya ya ɓata sai ku tuna da mutumin Guft?"

Jahlan ya danna kumburin da yatsa, Dawi ya kurma ihu ya zagi kunamar har kakarta. Wannan ƙafa ba ta durƙusa ko'ina ba.

Rumfar Fanus tana daidai bakin hanyar kwari, duk mai hawa sai ya wuce ta gabanta. Yana zaune cikin farar ƙura, yana sassaƙa 'yan gumakan da yake binnewa a turken jaki wata biyu, su fito da tsufan shekara dubu uku don masu yawon buɗe ido.

Fanus ya ce, "Na san za ka zo. Tun safe yara ke jifan rumfata."

Jahlan ya ɗauko tsintsiya a gefe ya miƙa masa. "Share mini nan."

"Ni? A gaban matata?"

"Share dai."

Fanus ya miƙe tsaye ƙiƙam, ya kama tsintsiya kamar mai kashe maciji, ya yi ta watsa ƙura gabas da yamma har suka shiga tari su biyu. Matarsa daga cikin gida ta ce shekara talatin tana jiran wannan rana.

Jahlan ya karɓe tsintsiyar. "Ba kai ba ne. Amma jiya da rana kana zaune a nan. Wa ya wuce?"

Fanus ya koma ya zauna, ya ɗauki dutsensa yana juya shi. "Idona na kan aikina."

"Fanus, Azab za su kai. Ba zai kwana uku a hannunsu ba."

"Na sani."

"Kai ma gari na neman kanka."

"Wannan ma na sani." Ya ɗago ya dubi Jahlan, wani irin kallo da ake yi wa wanda aka je yi wa ta'aziyya. "Ka sha shayi ka tafi gida, ɗan'uwana. Ka tsufa da hawan duwatsu."

Jahlan ya tafi yana jin haushi. Ya yini yana zagaya ƙauyen, ya duba hannun duk namijin da aka taɓa kamawa da kayan kabari, bai samu komai ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato tsibin nan na hagun ƙofa. Mai gudun kamu ya goge sawu, wannan ya gane. Amma me zai sa ya tsaya tara shara?

*

Washegari ya dawo daga sallar asuba, ya tsaya hira da liman har rana ta fito. Ya tura ƙyauren gidansa, ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ƙafar ta tsaya a sama.

Zahiyya ta gama sharar safe. Hasken rana ya kwanta a tsakar gida, ya fito da kowane jan tsintsiya. Jinjirin wata a kan jinjirin wata, daga hannun hagu, mai sharar tana ja da baya. A hagun ƙofa kuwa ga ɗan tsibi, an tara shi tsaf, yana jiran a kwashe.

Shekara ashirin yana taka wannan shara kowace safiya bai taɓa kallonta ba. Duk gari an lissafa mazan da ba su je masallaci ba, ba wanda ya tuna cewa ranar Juma'a da rana rabin gari mata ne a gida. Jahlan ya dafa bango.

Ya shiga ɗakinta. A wurinmu ɗan da ya zo ba rai ba a kai shi maƙabarta. A tukunya ake sa shi, a haƙa gindin bangon ɗakin uwarsa, a yaɓe, don ya zauna kusa da ita. Da hannunsa ya yaɓe wannan wuri kwana arba'in da suka wuce. Yanzu yaɓen ya ƙara faɗi, rabinsa kuma ɗanye ne.

Zahiyya tana zaune a tabarma tana tsince lalo. Ta ga inda idonsa ya tsaya, ta ajiye faifan.

Ya ce, "Uwata, me kika yi?"

"Kai ka faɗa mini, Baba." Muryarta ta dushe don rashin amfani. "Ka ce ba ta kai tsawon hannunka ba. Ka ce ko suna ba a rubuta mata ba, sai lamba. Ka ce za a kai ta Alƙahira a sa ta a gilashi, kowa ya biya ya kalla."

"Na faɗa."

"Uwarta ta naɗe ta, ta sa ta kusa da ubanta don kada ta ji tsoro. Sai a raba su? Ni na san abin da matar nan ta ji. Da na buɗe akwatin sai na ga kamar tawa, haka hannunta yake a dunƙule." Ta share ido da bakin mayafi. "Ban taɓa zinariyarsu ba, wallahi. Na kawo ta ne su zauna su biyu. Tun ranar nake barci, Baba. Kwana biyu ke nan ina barci."

Jahlan ya zauna a ƙasa. Shi da bai yi kuka ranar da aka binne matarsa ba, sai ga hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Azab za su kai kurkuku a kanta da la'asar."

Ta zaro ido. Ba ta sani ba, don ba ta fita, ba kuma mai shigo mata. "Baffa Azab? A'a. To ni zan je in faɗa."

"Ba inda za ki. Kin san abin da ake yi wa mace a can? Ba za ki fito ba, ko kin fito garin nan ba zai bar ki ki rayu ba."

"To wa zai je?"

Ya kama hannunta na hagu ya ɗora a kansa, ya sa ta rantse da kabarin uwarta cewa duk abin da ta ji yau, bakinta a rufe. Ta yi ta turjewa tana kuka har ta rantse. Sannan ya ɗauko wuƙa ya fara ɓanɓare ɗanyen yaɓen.

Ashe ta naɗe jaririyar da ɗan zanen goyo mai shuɗin baki, wanda ta ɗinka wa tata. Da ya ciro ta, ba ta fi nauyin gurasa ba.

Zahiyya ta ce, "Ka bar mata zanen. Can akwai sanyi."

*

Da la'asar zauren Umda ya cika har waje. Bature na kan kujera, 'yan sanda biyu da suka tsallako kogi suna tsaye a bayansa. An zaunar da mutum uku a tsakiya: Azab, da Dawi da aka kawo a kan jaki, da Fanus.

Jahlan ya shigo a hankali, hannunsa ɗaya cikin riga.

Umda ya ce, "To, Jahlan, me ƙasa ta faɗa maka?"

"Ranka ya daɗe, wanda ya shiga kabarin ya durƙusa ya daɗe. Dawi ko sallah a zaune yake yi tun Alhamis, a sallame shi. Fanus bahago ne, amma na ba shi tsintsiya, ya kusa kashe mu da ƙura, ba hannunsa ba ne." Aka ɗan yi dariya. "Azab kuwa laifinsa ɗaya, ya je gaida Ubangijinsa."

Bature ya ce, "To wane ne?"

Jahlan ya fito da ƙunshin daga rigarsa, ya ajiye a kan tabarma da hannu biyu.

"Ni ne. Na san lokacin da mai gadi zai sauka. Na yanke igiyar, na ɗauka, na share sawuna. Wa ya fi ni sanin yadda ake ɓatar da sawu?"

Azab ya buɗe baki, don shi ya take masa yatsa a sahu. Liman ya sha hannu da shi bayan sallama. Umda kansa a sahu ɗaya suke. Mutum fiye da ɗari a wurin sun san inda Jahlan yake ranar Juma'a da rana. Sai idanu suka sauka kan zanen goyon mai shuɗin baki, kowa ya tuna gidan da aka yi rashi kwana arba'in da suka wuce. Azab ya rufe bakinsa. Fanus ya duƙar da kai ƙasa.

An daɗe ana zagin mutanen Gurna da cewa ba sa faɗa wa hukuma gaskiya. Ban taɓa alfahari da wannan hali ba sai ranar.

Bature ya dubi Umda. "Haka ne?"

Umda ya gyara rawani, ya ce, "Shekara arba'in bai taɓa kiran sunan da ba shi ba."

"Me ya sa ka bar zinariyar?"

Jahlan ya ce, "Ba ita na je nema ba."

Bature ya girgiza kai, ya ce shi ba zai taɓa gane mutanen nan ba. Ya durƙusa ya warware zanen a hankali, ya duba ko wani abu ya karye, ya ciro katin lambar daga aljihu ya mayar mata a ƙirji. Zanen kuwa ya ture shi gefe. Jahlan ya sunkuya ya ɗauka, ya ninke, ya sa a aljihunsa. Ya miƙa wa Azab sandarsa.

"Riƙe, tsohon banza. Ka riƙa leƙa mini gida."

*

Hanyar mafitar jirgin ruwa ta ƙofar gidansa ta bi. 'Yan sandan suka sa shi a tsakiya, jama'a na biye daga nesa.

Ƙyauren a rufe yake. Bai ga Zahiyya ba, amma ƙasa ta gaya masa komai. Ga sawunsa na fita da ya bari ɗazu, ba a share ba, don a wurinmu ba a shara a bayan matafiyi, kada a share masa hanyar dawowa. Ga nata sawun, ba takalmi, ya fito ya bi gefen nasa ba tare da ya taka ko ɗaya ba. A daidai takunsa na ƙarshe kafin hanya, gwiwoyi biyu sun lotsa ƙasa, irin waɗanda ya gani a gindin akwatin. Ta kifa kwanon da yake cin abinci a kan sawun, ta danne shi da dutse don kada iska ta ɗauke.

Ɗan sandan ya ja shi. "Tsoho, me ka tsaya kallo?"

Jahlan ya ce, "Ba komai."

Ƙarya ta biyu ke nan da ya yi a shekara arba'in, duk a yini ɗaya. Ya sa hannu a aljihu ya damƙe ɗan zanen, suka gangara kogi.